Ƙarfe a Dama, Fata a Hagu

Tun da na dawo daga Garwa ta ƙasar Kamaru, abokan aiki da na unguwa ba su bar ni na huta da tambaya ba: yaya ƙasar take, me mutanenta suke ci, kuma wai da gaske ne kura ta cinye mana ƙafar mota? Labarin yana ta ƙara kitse daga baki zuwa baki, har wani mai shayi a unguwar Manawashi a nan Gombe ya ba ni shi, bai san ni ne ba, ya ce zaki ne. Shi ya sa na ga ya dace in rubuta shi sau ɗaya yadda ya faru, gwargwadon abin da na sani.

Madogarata uku ce. Ta farko idona. Ta biyu Malam Sale, direbanmu, wanda ya yi mini tafinta bayan mun ƙetare iyaka, domin Fulatancina bai wuce na gaisuwa ba, Faransanci kuwa ba na jin ko ɗaya. Don haka duk maganar da na kawo daga can, ta bakinsa ta biyo. Ta uku Baba Bitrus, shugaban makanikan ofishinmu, mutumin Tangale, wanda ya kwance ƙafar motar bayan dawowarmu. Mun tashi bayan kaka, shekara biyu da komawar ƙasarmu tuƙi a hannun dama. Ni na riƙe ran Litinin ce, Malam Sale ya ce Talata, ban kuwa sami wanda zai raba mana gardamar ba. Inda ban tabbata ba zan faɗa.

Ofishinmu na kula da lafiyar dabbobi ne, ni kuma shekarata ta farko ke nan a cikinsa bayan jami'a. An aike ni in ga yadda maƙwabta suke duba shanun da ke ƙetarowa ta burtali. Motar da aka ba mu jif ce, irin mai ja da ƙafa huɗu, cikin waɗanda aka rarraba wa ofisoshi da arzikin mai ya shigo. A bayan kowace ƙafar gaba akwai gaɓar da ke juya ƙafar, makanikai suna kiranta kan shaf, an rufe ta da wata roba mai ninki-ninki cike da giris. In ƙaya ko dutse ya huda robar, giris ya zube, yashi ya shiga, sai gaɓar ta cinye kanta. Kayan gyaranta kuwa sai an aika Legas, mota ta yi watanni a kan duwatsu.

Hakan ya taɓa faruwa sau ɗaya a hannun Malam Sale. Shugaban ofishinmu, Alhaji Umaru, ya faɗa masa a gaban jama'a cewa in robar ta sake yagewa zai karɓe makulli, ya mai da shi wanke motoci a garejin ofis. Malam Sale ya haura shekara arba'in, yana da iyali, tuƙi ne kaɗai sana'arsa. Saboda haka kafin mu tashi aka yanke shawarar a yi wa robar kariya.

A nan aka sami saɓani. Baba Bitrus ya yanko farantin ƙarfe, ya lanƙwasa shi yadda zai tare robar ta gaba da ta ƙasa. Malam Sale kuma ya zo da safe rungume da ƙunshi, ya tsaya nesa yana sosa ƙeya. Ashe surukinsa, Baffa Hammadu, tsohon baduku ne a tsohuwar kasuwa. Ya ji labarin gargaɗin daga bakin 'yarsa, bai ce wa kowa komai ba, ya ɗinka kube biyu na fatar bijimi mai kauri, da igiyoyin ɗauri, ya aiko da su.

Baba Bitrus ya juya fatar a hannunsa, ya ce, “Sale, mota ce fa, ba takobi ba.”

“Na sani, Baba Bitrus. Ba gardama nake yi ba. Amma tsohon ya riga ya yanka fatar.”

“To ka ce masa an gode, ka kai gida a yi wa yara takalmi.”

“Ni? Ni zan mai da wa tsohon kayansa? Ai gara Alhaji ya karɓi makullin yau.”

Ba wasa yake yi ba. A tsawon tafiyar nan ban ji ya kama sunan surukin nasa ko sau ɗaya ba, sai dai “tsohon”. Baba Bitrus kuwa ya ce muddin shi ne shugaban gareji, motar gwamnati ba za ta fita ba ƙarfensa ba. Suka dube ni, da yake ni ne jami'in tafiyar. Na ce a sa ƙarfe a dama, fata a hagu: mota ɗaya, hanya ɗaya, direba ɗaya, in mun dawo sai mu ga wanne ya fi. A lokacin na ɗauka gwaji ne mai tsabta, irin wanda aka koya mana. Baba Bitrus ya yi dariya, ya ce bai taɓa ganin an shiga daji da takalmi wari-wari ba, amma ya ɗaura nasa. Da yamma Baffa Hammadu ya zo da kansa ya ɗaure ɗaya a hagu, ya koma gida da ɗayan. Malam Sale ya fake a bayan gareji har aka gama, don haka ni tsohon ya yi wa bayani: duk sa'ad da fatar ta sha ruwa, a bari ta sha iska, a shafe ta da man shanu, in ba haka ba za ta bushe ta tsage.

Daga Gombe zuwa Kaltungo ba abin da ya faru sai manyan motocin auduga da muka yi ta kauce wa. A nan na fara lura da abin da ban yi tunaninsa ba a gareji. Duk sa'ad da muka kauce, ƙafar dama ce ke sauka gefen hanya, cikin tsakuwa da ƙaya, ta hagu tana kan kwalta. Na ce da Malam Sale ai a dawowa abin zai juya. Ya ce, “Ofisa, a dawowa ma hannun dama za mu bi.” Tun kafin mu ci abincin rana gwajin ya sami tawaya.

A bakin kogin Binuwai, daura da Numan, muka tarar da layin motoci suna jiran jirgin fito. Mun shafe yawancin yinin a nan. Mata suna sai da soyayyen kifi da ƙuli-ƙuli, muka ci, kifin kuwa ya fi duk wanda na taɓa ci a Gombe. Wani direban tanka, Babarbare, ya leƙa ƙarƙashin motarmu, ya gane Malam Sale Bafulatani ne, sai wasa ya tashi.

“Kai, bawana! Saniya ce ka ɗaura wa dabaibayi?”

“Saniya ce, ubangidanka ne ke kiwonta. Matsa kar ka shafa mata tsagen fuskarka.”

“Wallahi Fulani ba za su waye ba. An ba ku mota kun sa mata laya!”

Suka rabu da musayar goro. Mun kwana a Jimeta, a gidan saukar baƙi na gwamnati, inda aka ba ni ɗaki mai fanka ba wutar lantarki. Washegari muka bi ta Fufore zuwa Gurin, kwalta ta ƙare, muka shiga hanyar da ciyawa ta fi ƙafar mota tsawo. Kowane zango Malam Sale sai ya tsaya ya kwanta a ƙasa ya duba ƙafafun biyu. Farantin ƙarfen yana tara ciyawa a bayansa, sai an sa tsinke an zaƙulo. Fatar ba ta tara komai, amma ƙaya ta yi mata zane.

Kogin Faro ne iyaka ta wajen. Ruwa ya ja baya, saura yashi mai faɗi da rafi a tsakiya wanda bai wuce cinya ba. Akwai mutanen gari da sana'arsu ke nan a wannan lokaci: su shiga gaba suna nuna inda ƙasa ke da ƙarfi, in mota ta kafe su tura. Muka ƙetare lafiya.

A ɗaya gefen akwai rumfa da tuta da jandarma biyu, wato 'yan sandan can. Abin da ya fara ba ni mamaki shi ne sai da babbansu ya sara mini kafin ya nemi takardu, alhali a wajenmu mai kaki sai ya gama da kai yake tuna gaisuwa. Amma ladabin bai rage binciken ba. Ya zagaya motar, ya durƙusa, ya nuna kuben fatar da sandarsa. A fassarar Malam Sale, cewa ya yi ya ga an ɓoye kaya a taya, ya ga an ɓoye a tankin mai, amma bai taɓa ganin wanda ya ɗinka wa kayan sumoga jaka ya rataya a fili ba. Ya ce a kwance kuben.

Malam Sale ya roƙe shi, ya ce ɗaurin wani babba ne, ba zai iya mai da shi yadda yake ba. Jandarman ya tambaya wane babba, minista? Da aka ce suruki ne, sai ya dubi abokinsa, su biyu suka yi dariya, amma ba ta raini ba, domin ƙaramin ya ce shi ma ba ya cin abinci a gaban nasa. Suka sasanta a kan a sassauta bakin kuben kawai. Babban ya zura yatsa, ya fito da shi baƙi ƙirin da giris, ya goge a ciyawa, ya sake sara mini, muka wuce.

Rana ta yi sanyi ba mu kai gari ba, sai muka sauka a wata ruga a gefen hanya. Mai rugar, dattijo ne da ake kira Ardo, ya karɓe mu kamar ya san da zuwanmu. Gaisuwarsu ta fi tamu tsawo, ana yinta murya ƙasa-ƙasa, ba a haɗa ido. Aka kawo tuwon dawa da miyar yakuwa mai tsami ƙwarai, da kindirmo a ƙwarya. Na lura ba wanda ya zauna cin abinci tare da mu. An ajiye, an ba mu wuri. A gida za a ce an wulaƙanta baƙo, a nan kuwa girmamawa ce, don kada baƙo ya ji kunyar ƙoshi.

Fatar ta sha ruwa a Faro, don haka Malam Sale ya tuna umarnin tsohon. Ya nemi man shanu, matar Ardo ta kawo ludayi cike, sabon kaɗi. Tsohon bai faɗi yawan da za a shafa ba, ni ma ban tambaya ba. Malam Sale ya ga ba kyau a mai da ragowar kyauta, sai ya shafe duka, har yana ɗiga.

Da gari ya waye, kuben babu. Saura igiyar ɗauri da wani ɗan guntu mai sawun haƙori. Robar kanta ba abin da ya same ta, an lashe ta fes.

Ardo ya zo ya duba, ya girgiza kai, ya ce kura ce, ta dame su a bana. A gindin turken maruƙa kuwa ga wani jan kare kwance, cikinsa ya yi tim, bakinsa yana ƙyalli, ko ɗaga kai bai iya yi. Malam Sale ya dubi karen, ya dubi Ardo, ya ce lallai kura ce, Allah Ya tsare dukiya. Sai da muka yi nisa na ce masa ai karen ne.

“Ofisa, ka ci tuwon mutum, ka sha nononsa, sa'an nan ka ce karensa ɓarawo ne?”

A nan dole in yi adalci: ban ga karen yana ci ba, ban kuma ga sawun kura ba, domin shanu sun tattake wurin kafin mu tashi. Zato nake yi, mai ƙarfi.

Daga rugar zuwa Garwa ƙafar hagu tsirara ta tafi, a hanya mafi muni da muka bi, Malam Sale yana tuƙi kamar mai ɗauke da ƙwai. Ba abin da ya sami robar. Ya roƙe ni abu ɗaya: kada labarin ya kai kunnen tsohon. Na ce ba zan kai masa ba, amma in Alhaji ya tambaye ni ba zan ɓoye ba. Bai ji daɗin amsar ba.

Garwa gari ne mai tsabta, titunansa a miƙe, da itatuwa jere. Burodinsu dogo ne kamar sanda, ɓawonsa da tauri, ana ratayo shi a hammata ba a naɗe ba, a tsoma a kofi da madara a kwano. Da rana tsaka ofisoshi sukan rufe, kowa ya tafi gida ya kwanta, sai la'asar a dawo. Ranar farko na zauna a bakin ofishin dabbobi ina jira, ina tsammanin rasuwa aka yi. Jami'in da ya karɓe ni ya nuna mini aikinsu ba ƙyashi, na kuma ga abubuwan koyi, amma wannan na ba da bayaninsa a inda ya dace. Shi kuwa Malam Sale kasuwa ya nufa da guntun fatar, ya sami baduku ya ɗinka masa wani kuben. Sai dai jar fata ce, ɗinkin kuma na can ne, mai giciye. Wannan karon giris ya shafa, har ya rufe jan.

A dawowa, a tsakiyar Faro, abin ya faru. Masu nuna hanya suna gaba, Malam Sale yana bin sawunsu da ƙaramin giya, tafiyar da mai ƙafa zai iya wuce mu. Sai muka ji ƙafar dama ta daki wani abu a ƙarƙashin ruwa, motar ta girgiza. Da muka fita ya duba, farantin ya lotsa ciki kaɗan, yashi ya cika bayansa. Ya zaƙulo abin da tsinke ya iya kaiwa. Kwance farantin kuwa sai da kayan aikin gareji. Mun wuce Numan lafiya. Muna hawan tudun Cham, a wata kwana, muka ji ƙas-ƙas-ƙas daga dama. Malam Sale bai tsaya ba, bai dube ni ba, ya ce, “Shi ke nan.”

Baba Bitrus ya kwance ƙafar a gaban Alhaji Umaru. Robar dama ta yage ta ƙasa, gaɓar ta fara ci. Ta hagu lafiya lau.

Alhaji ya ce, “Malam Sale, me na faɗa maka?”

“Ka faɗa, ranka ya daɗe.” Ya ciro makulli daga aljihu ya riƙe a hannu.

Alhaji ya juyo gare ni. “Kai ne mai ilmin. Gudu ya yi?”

Na ce bai yi gudu ba, na bayyana yadda aka shiga ruwan. Ya tambayi Baba Bitrus me ya yaga robar. Baba Bitrus mutum ne mai gaskiya ko a kan aikinsa. Ya ce ga lotsawar dutse, ba don farantin ba da gaɓar ce za ta fashe a cikin kogi, mu kwana can. Amma kuma ga yashi da ya taru tsakanin farantin da robar yana gurzarta, ga kuma bakin farantin da ya lotso yana taɓa ta. Ya ce ba zai rantse a kan ɗaya ba.

“To ashe fata ta fi,” in ji Alhaji.

Da na yi shiru a nan, da magana ta ƙare. Malam Sale yana kallon ƙasa. Na ce, “Ranka ya daɗe, ba za a iya cewa haka ba. Wannan ba ita ce fatar da muka tafi da ita ba.” Na ba da labarin man shanu da karen, na ce ƙafar hagu ta yi tafiya mai nisa ba kariya ko ɗaya ba ta yage ba, ta dama kuma ita ce a gefen hanya zuwa da dawowa, ita ce kuma ta gamu da dutsen.

Alhaji ya daɗe yana dubana. “Wato ka ɗauki motar gwamnati ka kai wata ƙasa, kare ya ci rabi, dutse ya ci rabi, ka dawo ba ka san komai ba.”

“Na san abu ɗaya, ranka ya daɗe. Ba tuƙi ne ya yaga ta ba.”

Baba Bitrus ya ce, “Wannan kam ni ma na yarda. In za a kama wani, a ƙarƙashin ƙarfena ta yage.”

Alhaji ya dubi makullin da ke hannun Malam Sale, ya ce, “Mai da shi aljihu, kar ya ɓace. Amma man shanu, Malam Sale? Ludayi guda?” Ya tafi yana dariya. Daga bakin ƙofa ya juyo ya ce in an gyara motar ba ya son ya sake ganin takalmi wari-wari, ni da na fara gwajin ni zan zaɓi ɗaya a sa wa ƙafa biyun.

Bayan kwana kaɗan Baffa Hammadu ya zo gareji duba aikinsa. Malam Sale ya hango shi, ya tuna yana da saƙo a bayan gini. Tsohon ya durƙusa da ƙyar, ya sa babban yatsa ya share giris, ya bi ɗinkin a hankali daga farko har ƙarshe. Ya miƙe yana goge hannu.

“Ɗan nan, wannan hannun mutanen gabas ne. Ɗinkin ba laifi.” Ya juyo ya dube ni. “An bar masa motar?”

Na ce an bar masa.

“To, madalla. Kada ka ce masa na duba.”

Ban faɗa wa Malam Sale ba, shi ma bai tambaye ni ba. Duk wanda ya karanta wannan a cikin abokaina, ina roƙonsa ya bar shi a inda ya gan shi.

Motar tana nan a gareji a kan duwatsu, ana jiran kaya daga Legas. Baba Bitrus ya yanko sabon faranti mai ramuka, ya ce yashi zai riƙa zubewa. Baffa Hammadu ya aiko da kube biyu, ba saƙo, ba bayani. Duka suna kan teburina. Wanda na zaɓa, a ƙarƙashinsa Malam Sale zai sake fita daji da gargaɗin Alhaji a kansa. Har yau kuwa ban san ko farantin nan ya ceci gaɓar ba ne a cikin Faro, ko shi ne ya yaga robar.